Haruffa uku a ƙarƙashin bututu

Yau wata biyar ke nan, amma duk lokacin da na buɗe durowar nan sai raina ya sosu. Ƙaramar bindiga ce a ciki, mai ƙanƙara, irin wadda ake yayi a ƙasashen Daular Usmaniyya, ƙotarta lulluɓe da azurfa, an jera mata murjani har gindi. A kasuwar tsofaffin makamai da aka ci a Birmingham na gan ta. Mai ita ya ce ƙirar wajen 1750 ce, ya nuna min London a rubuce a ƙarfen gefenta. Na jujjuya ta, na taɓa kunama, na ji komai daram. Fam 1,400 na ƙirga masa, ina ta murna na yi tsintuwa.

Abu ɗaya ne ban yi ba: ban ce a cire bututun ba. Kusa ɗaya ce da zoben azurfa, aikin minti biyar. Shekara takwas ina tara irin waɗannan, na san ana yi, amma kunya ta hana ni, kada a ce na ƙi yarda da dattijo.

Da na kai ta wurin wani tsohon Bature mai kimanta makamai, ko kallon murjanin bai yi ba. Sukundireba ya ɗauko. Yana ɗaga bututun sai ga wani ɗan tambari kamar ƙwai, inda katako ya rufe, da haruffa uku a ciki: ELG. Shaidar gidan gwajin bindigogi ce ta Liège a Beljiyam, kuma ba a fara buga ta ba sai bayan dokar gwajin bindigogi da Napoleon na Faransa ya kafa a 1810. To ina 1750? London ɗin ma da ya sa madubi sai ga haruffan a karkace, aikin wanda ke kwaikwayon rubutun da bai iya karantawa ba. Maƙeran Liège sun daɗe suna tura irinta Gabas, can a yi mata kwalliya. Azurfar ta gaske ce, murjanin kuwa rabi gilas. Ya ce in na samu fam 500 in karɓa da hannu biyu.

Abin da ya ruɗe ni shi ne ɗauka cewa duk mai ƙanƙara tsohuwa ce, tunda Forsyth, wani ɗan Scotland, ya yi rajistar sabuwar dabararsa ta tayar da bindiga ba da ƙanƙara ba tun 1807. Ashe Turawa sun daina amfani da ita ne kawai, ba su daina sayar mana ba. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta taƙaita shigar da bindigogin zamani Afirka, ta bar ƙofa ga masu ƙanƙara da albarushin kasuwa, shi ya sa aka ci gaba da ƙera su har cikin ƙarni na 20, ana fasa musu ƙanƙara a garin Brandon na Ingila. Ni da na tashi ina jin ƙarar 'yan bindiga ranar hawan sallah a Kano, ai bai kamata wannan ya wuce ni ba.

Uwargida ta ce, "Baban Amira, ka mayar masa mana." A rasit ɗin babu shekara, "tsohuwar bindiga" kawai ya rubuta. Shi ma ban karanta ba sai ran nan.

Yanzu da sukundireba a aljihu nake zuwa kasuwar. Makon jiya wani ya hana ni cire bututu, na ajiye masa kayarsa na yi gaba.