Bulon jar laka a Minas Gerais

Idan aka ce Birazil, yawancin mutanenmu ƙwallo da bakin teku suke hangowa. Jihar Minas Gerais da nake zaune ba ta taɓa teku ko ta kusurwa ɗaya ba. Duwatsu ne da hazo da jar ƙasa, sai jiragen ƙasa masu jan taragon ma'adinin ƙarfe dare da rana. Karatun injiniyan gini ne ya kawo ni Ouro Preto, tsohon garin masu haƙar zinare, inda aka kafa makarantar ma'adinai tun 1876. Titunansa na dutse ne, hawa da gangara, kuma sanyin watan Yuni da Yuli yana shiga har ƙashi.

Watannin farko sun yi mini nauyi. Ba na jin harshen Fotugal, su kuma ba kowa ke jin Turanci ba. Abinci bai ba ni wahala sosai ba, domin shinkafa da wake ne cimarsu ta kullum, suna dafa kaza da kuɓewa, suna tuƙa garin masara su kira shi angu. Sai dai dole ka yi tambaya kafin ka sa cokali, don sukan jefa naman alade a tukunyar wake. Sallar Juma'a kuwa sai in na samu sararin zuwa Belo Horizonte, babban birnin jihar. Abin da ya fi ci mini rai shi ne zama shiru cikin mutane, ana hira ana dariya, ni ina kallon bakuna.

Wani malaminmu ne ya haɗa ni da wata ƙaramar masana'antar bulo da ke gwada aiki da ragowar ma'adinai. A nan bakina ya buɗe, domin aikin hannu ba ya jiran nahawu.

Dutsen da ake haƙowa a yankin nan ƙarfe ne cakuɗe da yashi. Ana farfasa shi, a niƙa, a wanke, a tsame ƙarfen, sauran kuma a kora shi da ruwa zuwa bayan madatsa. Ragowar iri biyu ce: akwai mai yashi-yashi, akwai laka mai laushi ƙwarai wadda ba ta saurin bushewa. Shekara da shekaru ana tara ta a saman garuruwa. Ranar 5 ga Nuwamba 2015 madatsar Fundão ta kamfanin Samarco ta ɓalle a Mariana, maƙwabciyar Ouro Preto. Mutum 19 suka rasu, ƙauyen Bento Rodrigues ya tashi daga aiki, lakar ta bi kogin Doce har teku. Ranar 25 ga Janairu 2019 ta kamfanin Vale ta ɓalle a Brumadinho da tsakar rana, ma'aikata suna cin abinci, ta hallaka mutum 270. A ƙauyukan da ke ƙarƙashin madatsu za ka ga alluna a bakin titi da kibiya mai nuna inda za ka gudu idan jiniya ta yi kuka. Ranar da na fara fahimtar rubutun allunan nan, jikina ya yi sanyi.

Aikinmu a masana'antar shi ne mu ɗauki ragowar nan mai yashi mu tankaɗe, mu haɗa da siminti da ruwa kaɗan, mu danne a inji. Ba a gasawa, don haka ba itacen da ake ƙonawa. A jera bulon a inuwa, a riƙa yayyafa masa ruwa, bayan kwana 28 a kai ɗakin gwaji a matse shi har ya fashe, a ga ƙarfin da ya ɗauka. Ana kuma jiƙa shi a auna ruwan da yake sha, a duba ko yana sakin wani abu mai cutarwa. Lakar nan mai laushi ita ce mai gardama: in ta yi yawa sai ta shanye ruwa, ta nemi ƙarin siminti, bulon ya tsattsage.

Shugaban leburorin, wani dattijo mai ƙarancin magana, shi ya fara yarda da ni. Ya ga na damƙi haɗin a tafin hannu na matse, shatin yatsuna ya fito, na karya shi biyu bai marmashe ba, na gyaɗa kai. Ya tambaye ni wa ya koya mini. Na ce mahaifina magini ne a Zariya, tun ina yaro nake kwaɓa masa ƙasa. Daga ranar ya fara kirana shan kofi da su, yana gyara mini lafazi, yana nuna mini kayan aiki yana faɗin sunansu har na riƙe.

Da na ba Baba labari a waya, tambaya ɗaya ya yi: "Kai ɗan nan, ka sa shi a ruwa ya kwana?" Na ce, "Na sa, Baba, bai narke ba." Ya ce, "To, bulo ne."

Ba kowa ke karɓarsa da sauƙi haka ba. Tsohuwar da nake haya a gidanta tana da dangi a Mariana. Na kawo mata guda ɗaya don ta gani, ja, mai nauyi, gefensa a miƙe. Ta juya shi a hannu ta ce yana da kyau, amma ba za ta kwana a ɗakin da aka gina da abin da ya binne mutane ba. Ban yi mata musu ba, kuma har yau ban ga laifinta ba. Shi ya sa aka fi samun kasuwar bulon shimfiɗa titi da tsakar gida, wanda ake takawa a wuce.

Ni dai na yarda da aikin nan da zuciya ɗaya. Duk tifar da muka mayar bulo, tifar yashi ce da ba a kwaso daga kogi ba. Amma ba na son a yi amfani da shi a rufe bakin mutane. A 2020 Vale ya buɗe masana'antar bulo a mahaƙar Pico da ke Itabirito, wadda aka tsara ta ci tan dubu 30 na ragowa a shekara, alhali madatsar Brumadinho kaɗai ta saki miliyoyin tan cikin mintuna. Ga kuɗin mota: bulo kaya ne mai nauyi da araha, in tafiya ta yi nisa riba ta ƙare a man fetur. Abin da ya fi kare rayuka shi ne dokar da jihar ta kafa a 2019, wadda ta hana irin madatsun da ake ɗagawa a kan lakar kanta, ta kuma tilasta a warware waɗanda ke akwai.

Yanzu ina ciniki da direbobin tifa da harshensu, ina kuma koyar da sabbin leburori gwajin hannu. Binciken digirina na karkata shi zuwa Itakpe ta jihar Kogi, inda dutsen ƙarfen shi ma sai an niƙa an tace kafin ya yi amfani. Na roƙi wani abokin karatuna ya ɗebo mini samfurin ragowar can, ina cikin neman takardar izinin shigo da ita.