Had dis ɗina ya tsaya yau

Yau ina cikin kwashe fayil-fayil daga tsohuwar laptop zuwa sabuwa, abu na ta tafiya lafiya lau har ya zo kan foldar gida, kawai sai na ji ƙas ƙas ƙas daga cikin had dis ɗin tsohuwar, wato ma'ajiyar fayil-fayil ɗinta, koren layin nan mai nuna yadda kwashewar ke tafiya ya tsaya cak. Wallahi sai da gabana ya faɗi. Na garzaya gun mai gyara, ya kara had dis ɗin a kunne ya ce Malam don Allah kar ka sake kunna shi, allurar da ke karanta faifan ce ta samu matsala, faifan kuma sau 5400 yake juyawa a minti ɗaya, duk kunnawa ƙara kartarsa take, inda ta karce kuwa ya tafi kenan.

Ni takardun aiki ba su dame ni ba sam. Muryar Baba ce a ciki, Allah ya jiƙansa, wadda na ɗauka ranar sunan 'yata yana mata addu'a muryarsa har rawa take. Yarinyar yanzu ta yi wayo tana tambayata shi, kuma ina so ta ji kakanta da kunnenta.