Yadda jita-jitar Lillard ta sa na koyi lissafin albashin NBA

Ni ɗan Miami Heat ne, kulob ɗin da ke buga NBA, gasar ƙwallon kwando ta Amurka, tun zamanin Dwyane Wade, irin masu sa ƙararrawar waya ƙarfe biyun dare don a tashi a kalli wasa sannan a tafi aiki da jajayen ido. A watan Yunin 2023 mun je wasan ƙarshe Denver ta doke mu wasa huɗu da ɗaya, kuma duk wanda ya kalla ya san abin da muka rasa, mutum ɗaya mai zura ƙwallo idan wasa ya yi tsami. Sai ga shi ranar 1 ga Yuli labari ya fito cewa Damian Lillard, gwanin zura ƙwallo, ya ce wa kulob ɗinsa Portland su sake shi, kuma Miami yake so, ba wani wuri ba. Wallahi a raina an gama. Muna da wani guruf na WhatsApp na masu kallon kwando, na shiga na rubuta cewa kafin ƙarshen wata Lillard zai sa jar riga, har na kai wata rigar Miami da nake da ita wajen masu buga suna aka buga min sunansa da lamba 0 a baya.

Abin da ya ruɗe ni shi ne na taso da kallon ƙwallon ƙafa, inda idan ɗan wasa ya ce ga kulob ɗin da yake so kuma kulob ɗin na da kuɗi, to sai dai a ja ciniki a daidaita farashi. A NBA babu sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi, musaya ake yi, kwantiragi da kwantiragi, kuɗin da aka yarda a ɗora a kai 'yan miliyoyi ne kaɗan a shekara. Wani dattijo a guruf ɗin, wanda ya buga kwando a jami'a a zamaninsa kuma duk muna ce masa Baba Koci, shi ya fara ce min, yaro ka je ka duba abin da Miami za ta iya bayarwa kafin ka ƙara magana. Na ce Baba ai ɗan wasan ne da bakinsa ya faɗa. Ya ce bakinsa ba ya cikin kwantiragi.

Wata uku ana abu ɗaya, kullum da sabon rahoto, yau an ce an kusa gobe an ce ba a ma magana. Ranar 27 ga Satumba aka tura Lillard Milwaukee. Portland ta karɓi Jrue Holiday da Deandre Ayton da Toumani Camara da gurbin zaɓen zagayen farko na 2029, wato damar ɗaukar sabon matashin ɗan wasa a zaɓen da NBA ke yi duk shekara, Phoenix ta shigo a matsayin ta uku. Bayan 'yan kwanaki Portland ta juya Holiday ta ba Boston, kuma da shi Boston ta ci kofin 2024. Abin ya yi min ciwo sosai, kwana biyu ban ce uffan a guruf ba.

Daga nan na zauna na fara karatu, don na gane ba rashin sa'a ba ne, akwai abin da kowa ke gani ni ban gani ba. Lillard na karɓar wajen dala miliyan 45.6 a kakar, saura shekara huɗu a kwantiraginsa, kuma babu sharaɗin da ya ba shi ikon ƙin musaya, wato Portland na iya kai shi duk inda ta ga dama. Ta fuskar albashi, da yake a musaya sai albashin da ka fitar ya yi kusa da wanda ka karɓa, Miami na iya haɗawa, namu Tyler Herro na kan miliyan 27, a ƙara mutum ɗaya lissafi ya fita. Matsalar ita ce Portland ba ta da buƙatar Herro, tana da Anfernee Simons da Shaedon Sharpe ga kuma Scoot Henderson da ta ɗauka na 3 a zaɓen shekarar, duk wuri ɗaya suke bugawa. Abin da take so guraben zaɓe ne, a nan kuma hannun Miami a ɗaure yake, don tana da bashin gurbin zagayen farko a wajen Oklahoma City, ga dokar Stepien da ta hana kulob ya rabu da gurbinsa na zagayen farko shekara biyu a jere masu zuwa. An sa wa dokar sunan Ted Stepien ne, mai Cleveland a farkon shekarun 1980, wanda ya yi ta rabar da gurabensa har sai da hukumar ta taka masa birki. Duk wannan a fili yake tun ranar farko, ni ne ban duba ba.

Sai na ɗauki ɗabi'a. Duk jita-jitar da na gani, kafin na tura wa kowa sai na buɗe Spotrac, shafin da ke jera albashin 'yan wasa, na duba albashin wanda ake magana a kai da jimillar albashin kulob ɗin da aka ce yana nemansa, na rubuta a wani ɗan littafi. Iyakar jimillar albashin da aka sa wa kowane kulob a kakar 2024-25 dala miliyan 140.6 ce, amma ba katanga ba ce da ba a tsallakawa, kusan kowa na sama da ita ta hanyoyin da doka ta yarda. Idan ka wuce miliyan 170.8 ka fara biyan haraji. Sannan yarjejeniyar 2023 tsakanin hukumar da ƙungiyar 'yan wasa ta tsaurara wasu shingaye biyu a sama, na farko a miliyan 178.1, na biyu a miliyan 188.9. Wanda ya haye shingen farko ba zai karɓi albashin da ya fi wanda ya fitar ba ko da dala ɗaya. Wanda ya haye na biyu kuwa ba zai haɗa albashin mutum biyu ya karɓo babba ɗaya ba, ba zai ɗora tsabar kuɗi a musaya ba, kuma ana daskarar masa da gurbin zaɓensa na shekara bakwai gaba, wato ba zai iya ba da shi a musaya ba. Masu kuɗi da a da suke biyan haraji su wuce abinsu, yanzu kuɗin ba ya buɗe musu wannan ƙofar.

Gwajin farko ya zo min a gida, don a Janairun 2025 namu Jimmy Butler ne ya ɓata da Miami, ana ta dakatar da shi, kuma duk rahotanni na cewa Phoenix yake so. Guruf ya ɗauka, wasu har sun fara jera shi da Kevin Durant da Devin Booker a takarda. Na buɗe littafina. Butler na kan miliyan 48.8. Phoenix ta haye shinge na biyu, ke nan ba za ta tara ƙananan albashi ba, dole mutum ɗaya tak wanda albashinsa ya kai na Butler ko ya fi. Mutum uku ne kawai suka cika wannan, Booker da Durant da Bradley Beal mai miliyan 50.2. Booker ba za su sake shi ba, Durant kuma ai shi ake son a haɗa da Butler, saura Beal. Shi kuwa Beal yana da sharaɗin ƙin musaya a kwantiraginsa, a lokacin shi da LeBron James ne kaɗai ke da shi a duk NBA, ga sauran shekara biyu masu tsada bayan wannan kakar, kuma Miami ba ta son kwantiragin, dole a nemo kulob na uku da zai ɗauka kuma Beal ɗin ya yarda ya je. Na rubuta musu wannan duka na ce ni dai ban ga hanya ba. Wani ya ce min oga ai Phoenix ta ba Utah gurbinta na 2031 ta karɓo uku, shiri suke. Na ce ko gurbi goma suka tara, sa hannun Beal ake jira. Daf da rufe kasuwa ranar 6 ga Fabrairu Butler ya tafi Golden State, mu muka karɓi Andrew Wiggins. Baba Koci ya kira ni a waya ranar, ya ce yanzu ka fara kallon kwando.

Amma kafin wannan da kwana huɗu an yi abin da littafina bai hango ba ko kaɗan. Lahadi 2 ga Fabrairu, na dawo daga sallar asuba na duba waya na ga Shams Charania, ɗan jaridar da ke kawo labaran NBA, ya rubuta cewa Luka Dončić na Dallas ya koma Lakers, Anthony Davis ya tafi Dallas. Mutane da yawa sun ɗauka kutse aka yi wa shafinsa, ni ma haka. Babu jita-jita ko ɗaya kafin nan, babu wanda ya ji ƙishin-ƙishin. Da na nutsu na duba, lissafin ya zauna daram, Luka miliyan 43, Davis miliyan 43.2, aka ƙara Max Christie da gurbin 2029, aka sa Utah ta ɗauki Jalen Hood-Schifino don a daidaita. Kuma a bazarar da ke tafe Luka zai cancanci kwantiragin shekara biyar na wajen miliyan 345 a Dallas, wanda tafiyarsa ta sa ya rasa. Ni har gobe ina ganin Dallas ta tafka kuskure babba, ba a sakin ɗan shekara 25 da ya kai ka wasan ƙarshe wata takwas da suka wuce, ko nawa zai ci. Abin da na fahimta a ranar shi ne lissafin nan yana iya nuna min abin da ba zai yiwu ba, amma ba ya shiga zuciyar manajan kulob ya gaya min abin da yake ƙullawa. Kuma cinikin da ya fi kowanne girma shi ne wanda ba a yi surutunsa ba, wanda aka yi wata uku ana surutu kuwa ya tashi a banza.

Wannan ya sa na fara tambayar kaina wa ke amfana da fitar kowane labari. Wakilin ɗan wasa na son a matsa wa kulob lamba, kulob na son a ji cewa akwai masu zawarci da yawa don farashi ya hau, masu shafuka kuma na son a danna. Ba lallai ƙarya suke ba, Lillard da gaske Miami yake so, Butler ma da gaske Phoenix yake so. Akwai kuma ƙananan abubuwa da ke kashe labari nan take, misali wanda ya sa hannu a sabon kulob da bazara yawanci ba a iya musayarsa sai 15 ga Disamba, to duk wanda ya ce min za a tura shi a Nuwamba na san bai duba ba.

Lillard ɗin da na so a Miami, a Afrilun 2025 jijiyar dunduniyarsa ta tsinke a wasa da Indiana. A Yuli Milwaukee ta sallame shi don ta sami sararin ɗaukar Myles Turner, ta shimfiɗa sauran kuɗinsa kusan miliyan 113 a kan shekara biyar, wato wajen miliyan 22.5 duk shekara na zaune a lissafin albashinsu ga mutumin da ya riga ya koma Portland. Iyakar ta hau zuwa miliyan 154.6 a kakar 2025-26, amma wannan kuɗin ba ya gushewa, kuma duk lokacin da aka kawo maganar wane ɗan wasa Milwaukee za ta kawo, daga wannan layin nake fara cirewa. Na kan yi tunanin da mu muka same shi a 2023, da yanzu wannan nauyin a kanmu yake, ga guraben zaɓenmu sun tafi. Duk da haka ina son mutumin, kuma rigar tana nan, ita nake sawa idan za mu buga da yamma a filin unguwa.