Kufan Rum da Zanen Turner a Hannuna

Da yammacin ranar da na sauka a birnin Rum na ƙasar Italiya, na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa tashar Colosseo, daga nan na bi babban titin da Mussolini, shugaban gwamnatin Italiya na lokacin, ya buɗe a 1932 har na haura tudun Kapitolin. A jakata akwai kwafin wani zane da Baturen Ingila J.M.W. Turner ya yi a 1839, wanda asalinsa ke gidan adana kayan tarihi na Getty a Los Angeles, kuma dominsa na yi wannan tafiya. Turner ya zo Rum sau biyu, a 1819 da 1828, ya cika littattafansa da zanen fensir, sai bayan kusan shekara goma ya zauna a Ingila ya fitar da hoton daga abin da ya zauna masa a rai.

A cikin sunan zanen akwai kalmomin Campo Vaccino, wato makiyayar shanu, domin tsohon dandalin da majalisar dattawan Rum take zama a gefensa ya daɗe da zama kufai, ƙasa ta binne shi, ana kiwo a kansa. A gaban hoton awaki ne a kan tudu, can nesa kuma ga Kolosiyam, katafaren filin wasan Rumawan da, cikin hazo mai ruwan zinariya, wata yana fitowa.

Na tsaya a bayan fadar magajin gari, inda ake hango dandalin gaba ɗaya, na ɗaga takardar ina kwatantawa. Ginshiƙai takwas na haikalin gunkin Rumawa Saturn suna nan tsaye, haka ma uku na haikalin gumaka Castor da Pollux, ga kuma ƙofar nasara da aka gina a shekarar 203 domin Septimius Severus, sarkin da aka haifa a Leptis Magna ta Libiya ta yau. Amma ƙasar wurin ta yi zurfi ƙwarai, saboda masu tonon kayan tarihi, musamman Giacomo Boni da ya karɓi aikin a 1898, sun kwashe ta har suka kai ga daɓen asali. Ina ganin girman aikinsu, amma raina ya sosu da na rasa awakin nan da masu su, waɗanda Turner ya ba su gaban hoto tamkar su ne masu gidan.

Washegari na yanki tikiti na gangara ciki. Duwatsun Via Sacra, tsohon titin da ya ratsa dandalin, baƙaƙe ne, manya, tafiyar ƙafa ta goge su sun yi sulɓi, ciyawa kuma ta tsiro a tsakaninsu. Na zauna kusa da ginshiƙan nan uku har rana ta karkata, farin dutsensu ya koma ruwan zuma kamar yadda yake a takardar da ke cinyata, sannan masu gadi suka fara kiran mutane zuwa ƙofar fita.