Ranar da na kai Auta farfajiyar Charlie

Asabar, bayan sallar Isha'i.

Ƙafafuna zugi suke yi, amma in na bar rubutun nan sai gobe, rabin abin da na gani zai zube. Yau Allah ya nufa na cika wa Auta alkawari. Tun da ya sauka Birmingham watan jiya domin karatu, kullum maganarsa ɗaya ce: "Yaya, yaushe za ki kai ni wurin Charlie?" Yana nufin Charlie Strong, kawun nan mai farfajiyar jiragen ruwa a cikin Peaky Blinders, shiri mai dogon zango da BBC ta fara nunawa a 2013 ta kammala a 2022. Auta ya kalli zango shidan kaf tun yana Kano. Da ya ji cewa unguwar Small Heath, inda nake zuwa cefanen nama da kayan miya, ita ce unguwar su Tommy Shelby, jarumin shirin, ya ɗauka a can aka ɗauki fim ɗin. Sai da na yi masa bayani cewa yawancin titunan da yake gani na Liverpool ne da Manchester da wasu garuruwan arewacin Ingila. Farfajiyar Charlie ce ke kusa da mu, a Dudley, cikin gidan tarihin da ake kira Black Country Living Museum.

Mun hau jirgin ƙasa daga tashar New Street zuwa Tipton, daga nan muka taka kamar mil ɗaya ana yayyafi.

Gidan tarihin ba irin na kaya a cikin gilashi ba ne. Gari ne sukutum, an buɗe shi a 1978. Tsofaffin gidaje da kantuna da maƙeru aka kwance daga garuruwan yankin, bulo bayan bulo, aka sake gina su a nan. Auta bai tsaya kallon ko ɗaya ba, ya ja ni muka gangara bakin kanal.

Da na ce kanal, kada a tuna da na Kadawa da ke kai ruwan Tiga gonakin shinkafa. Wannan hanya ce ta dakon kaya, wadda aka haƙa da hannu tun kafin zuwan jirgin ƙasa, domin kwal da ƙarfe da dutsen farar ƙasa. A lokacin ganiyarsu, hanyoyin ruwan Birmingham da kewaye sun kai mil 160, yanzu kimanin 100 suka rage. Ruwan a kwance yake, launin shayi marar madara, ba ya gudu ko kaɗan.

Muna shan kwana sai ga farfajiyar. Auta ya tsaya cak, ya ce, "Wallahi Yaya ita ce!" Ga rumfunan katako baƙi ƙirin, ga tsofaffin sarƙoƙi da ƙarafa a zube, ga manyan murafun ƙona farar ƙasa da aka gina a 1842 sun yi wa wurin katanga. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ƙanƙantarsa. A talabijin sai ka rantse unguwa guda ce, ga hayaƙi ya turnuƙe, ga tartsatsin wuta, ga dawakai. A zahiri, cikin minti uku ka zagaye shi. Wani dattijo cikin masu yi wa baƙi bayani, sanye da hular nan mai baki irin ta da, ya ce hayaƙin da wutar masu fim ne ke zuwa da abinsu, sauran kuma aikin kyamara ne. Ya nuna mana katakon rumfunan, ya ce daga jikin tsofaffin jirage aka ciro su, haka masu gyaran jirgi na wancan zamani suke yi, ba a zubar da katako. Na kai hannu na shafa. Akwai ramukan ƙusoshi a jere, baƙin kwalta ya cike wasu, ya bushe ya tsattsage kamar kaushin dunduniya.

Nan na gane abin da ke kawo masu fim lokeshan irin wannan. Titin mota yana canzawa duk bayan shekara goma: fitilu, alluna, fenti. Bakin kanal kuwa, musamman a nan da ake kula da shi da gangan, gadar bulo tana nan, zoben ƙarfen da ake ɗaure jirgi yana nan. In ka kawar da roba da waya daga idon kyamara, ka koma 1919, shekarar da labarin ya fara. Kuma ruwan ya dace da labarin kansa: mutanen da suka mallaki bindigogin da suka ɓace daga masana'antar ƙera makamai ta BSA suna buƙatar hanyar da kaya za su bi a hankali, a lulluɓe, ba hayaniya.

Auta ya shiga ɗaukar hoto. Ni kuwa ɗakin bayan wani jirgi ne ya riƙe ni.

Jiragen nan sirara ne, faɗinsu bai cika ƙafa 7 ba, tsawo kuma kusan ƙafa 70, saboda ƙofofin ruwan da suke ratsawa daidai wannan awon aka gina su. Kusan duk tsawon na kaya ne, tan 25 ko fiye, doki ɗaya ke ja daga gefen hanya. Can ƙarshe aka bar wa mutane ɗan ɗaki da bai wuce ƙafa 10 ba. Na sunkuya na leƙa. Murhun kwal a hannun hagu dab da ƙofa. Kabad wanda murfinsa in an sauke shi ya zama teburin cin abinci. Wani murfin in an sauke ya zama gado. Farantai masu bakin leshi rataye a bango, tagulla an goge ta tana walƙiya, ga zanen furanni da gidajen sarauta a jikin ƙofa da a jikin tulun ruwa. Raina ya tafi ɗakin Hajiya kakarmu da jeren kwanoninta har rufi. Mace ce ta yi wannan ado, babu tantama, macen da ta yini tana riƙe da akalar jirgi cikin sanyi, ta dafa, ta wanke, ta haihu, ta yi goyo a wurin da bai kai shagon mai shayi ba, amma ba ta yarda ya zauna ba kyan gani ba.

Dattijon ya ce ba son ruwa ne ya sa iyalai suka tare a jirgi ba. Da jirgin ƙasa ya ƙwace kasuwa, kuɗin dako ya faɗi, mai jirgi ya kasa biyan hayar gida da ladan yaron aiki, sai ya kwaso mata da 'ya'ya suka zama su ne ma'aikatan. Yaran na tafe kullum, ba makaranta. Wani mutum mai suna George Smith ya yi ta fafutuka a kansu har majalisa ta yi dokar jiragen kanal a 1877, aka fara rajistar jiragen da ƙayyade yawan masu kwana a ciki. A duk abin da na kalla na shirin, jirgi abin hawa ne na maza masu dogayen kwat. Matar nan da farantanta ban gan ta ba, kuma abin ya tsaya mini a rai.

Bayan mun yi Azahar a wani lungu muka ci abin da na ƙunso, sai muka sayi tikitin shiga ramin Dudley, wanda ke maƙwabtaka da gidan tarihin. Aka ba mu hulunan kwano, muka zauna a jirgi mai aiki da lantarki, muka kutsa ƙarƙashin dutse inda aka yi ta haƙar farar ƙasa. Sanyi, duhu, ruwa na ɗiga a wuya. Babban ramin, wanda aka gama a 1792, ya kusa kilomita 3, kuma ba a yi wa doki hanya a ciki ba. Sai a kwance dokin a bi da shi ta kan tudu, mutane biyu kuma su kwanta a kan katako, su kafa ƙafafu a bango, su yi ta takawa suna tura jirgi da kayansa har su fita. Mai tuƙin ya kashe inji ya nemi masu gwadawa. Auta ya miƙe. Bai yi minti biyu ba ya tashi yana haki, ya dawo kusa da ni ya zauna. Can ya ce, "Yaya, a kan abincin yini fa suke wannan." Daga nan har muka fito bai ƙara ɗaga waya ba.

A hanyar komawa tasha muka bi gefen ruwa. Akwai jirage a ɗaure, ba na tarihi ba, na mutanen da ke zaune a ciki yau. Ɗaya kore ne, hayaƙi na fita ta bututunsa, a rufinsa akwai farantan sola, keke, buhunan kwal da tukwanen shuka. Wata tsohuwa na zaune a bayansa da kofin shayi. Na gaishe ta, hira ta ɗan ja. Ta ce ba ta da matsaya ta dindindin, lasisinta na masu yawo ne, don haka a yawancin wurare ba ta wuce kwana 14 sai ta kwance igiya ta ƙara gaba. Haka dokar take a hanyoyin da ƙungiyar Canal & River Trust ke kula da su, kimanin mil 2,000 a Ingila da Wales. Auta ya tambaye ta ko jirginta ya taɓa fitowa a fim. Ta yi dariya ta nuna solar da ke rufi, ta ce sau ɗaya masu ɗaukar wani shiri suka roƙe ta ta matsa bayan gada na kwana biyu, domin jirginta ya yi zamani da yawa. Ta matsa, kuma da shirin ya fito ta gane gadar, ta gane zoben da ta saba ɗaure igiyarta.

Mun iso gida ana kiran Magariba a wayata. Auta ya ci tuwo ya kunna zango na farko daga kashi na ɗaya, yana tsayar da hoton duk inda ruwa ya fito, yana ƙwala mini kira in zo in ga rumfar da na shafa. Na je sau biyu. Gobe ina da aikin safe, kuma takalmana na nan bakin ƙofa da baƙin taɓon Tipton, ban wanke ba tukuna.