Yadda na turara bedin tumatir, da kuskuren da na yi a shekarar farko

Shekara biyu a jere tumatirina yana yin yaushi da tsakar rana, alhali ƙasa jiƙe take sharkaf. Mu a yankin Kadawa ruwan Tiga muke sha, ba ƙishi ke damun shuka ba. Ranar da na tumɓuke gindi guda na ga saiwar duk ta yi ƙulu-ƙulu kamar carbi, na kai wa malamin gona. Da ya duba sai ya ce, "Alhaji, tsutsar saiwa ce, nematod, ido ba ya ganinta. Kuma daga bedi kake ɗaukarta kana kaiwa gona da hannunka."

Shi ya ba ni shawarar in turara ƙasar bedin kawai da magani, wato inda nake renon iri kafin dashe, don turara gona gaba ɗaya ya fi ƙarfin aljihun irinmu. Maganin da na samu shi ne dazomet, wanda ake sayarwa da sunan Basamid, gari ne mai tsaki-tsaki. Da methyl bromide aka fi yin wannan aiki a duniya, har yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta kai ga hana shi saboda yana cinye rufin ozon, wato iskar da ke can sama tana kare duniya daga cutarwar hasken rana, ƙasashe masu tasowa suka daina a 2015.

Abin da ban gane da wuri ba shi ne, garin ba ya kashe komai da kansa. Sai ya haɗu da danshi ya rikiɗe ya zama iska mai guba, ita ke bin kafofin ƙasa tana kashe tsutsa da ƙwayoyin cuta da irin ciyawa. Don haka aikin yana farawa tun kafin a buɗe buhu. Na kafce bedin, na farfasa hoge ya yi laushi, na tsince tsofaffin saiwoyi, domin tsutsa tana ɓuya a cikinsu iskar ba ta isa gare ta. Kwana 10 ina ba shi ruwa, danshin da idan ka dunƙula ƙasa za ta kama amma ruwa ba zai ɗiga ba. Wannan danshi ne ke tayar da ƙwan tsutsa da irin ciyawa daga barci, maganin ya same su a farke.

Ranar zubawa na fito bayan asuba, iska ba ta tashi ba, ƙasa da sanyinta. Na sa takalmin roba, safar hannu ta roba, tabarau mai rufe ido, da abin rufe hanci mai matata. Ƙyalle ko takunkumin asibiti ba ya tare wannan iska, kada wani ya ruɗe ka. Na auna giram 40 ga kowace murabba'in mita kamar yadda takardar buhun ta nuna, na barbaɗa, na juya shi cikin ƙasa zurfin taƙi guda, na yayyafa ruwa, nan take na lulluɓe da leda na danne gefenta da ƙasa.

Gaggawa ce ta kayar da ni. Maƙwabta sun riga sun zuba iri, ni kuma ina ganin kasuwar farko za ta wuce ni. Kwana huɗu kacal na yaye ledar, kuma da yaron gidana a gefe yana taya ni. Nan take idonsa ya yi jajir, hawaye na zuba, yana tari. Na janye shi zuwa inda iska ke fitowa, muka yi ta wanke idon da ruwa mai tsabta, sannan na kai shi asibiti da buhun maganin a hannuna. Allah ya taƙaita. Har yau idan na tuna gabana faɗuwa yake, don ni na kai shi wurin. Irin da na zuba bayan kwana biyu kuwa, mai tsada, ko rabinsa bai fito ba.

A shekara ta biyu na bar ledar mako guda cur, na kafa ƙyalle ja, na gaya wa masu kiwo da yara kada su matso. Ni kaɗai na yaye ta, sanye da kayan kariya, iska na bayana. Na sassauta ƙasar sama-sama ba tare da na tono wadda magani bai kai ba, na bar ta ta sha iska wani mako.

Sai gwajin kwalba, wanda da na sani tun farko da ban yi asara ba. Na cika kwalba ɗaya zuwa rabi da ƙasar bedin, ɗaya da ƙasar da ba a turara ba, na zuba irin latas a kan auduga mai danshi a kowacce, na toshe bakinsu. A gwajin farko na ƙasar bedin ya ƙi tsirowa, na ƙara kwana biyar na sake. Da suka tsiro tare, sannan na zuba tumatir.

Fartanyar da nake aiki da ita a tsohuwar gona sai na wanke ta kafin ta taɓa bedin, ɗanyen taki ma ban sa ba, ruwan wanke kayan kuma ban bari ya gangara kwata ba saboda yana kashe kifi. Da lokacin dashe ya yi na cire irin, saiwarsa fara tas, babu ƙulli ko ɗaya.