Bijimin da Ya Ƙi Jan Amalanke da Dokar Newton ta Uku

Na daɗe ina koyar da fiziks a wata makarantar sakandare da ke Tudun Wadan Zariya, kuma a cikin darussan da ke hannuna babu wanda yara ke saurin haddacewa, su kuma kasa fahimta, kamar dokar Newton ta uku. Isaac Newton, masanin nan na Ingila, ya wallafa dokokinsa uku na motsi a shekarar 1687, kuma ta ukun tana cewa duk lokacin da wani abu ya tura ko ya ja wani, shi ma wancan yana tura shi ko jansa da ƙarfi daidai wa daida, amma ta fuskar da ta saba. Yara kan zuba wannan jimla a takardar WAEC ba tuntuɓe, sai dai da zarar an sauya tambayar kaɗan, sai ka ga ashe bakin ne kawai ya riƙe. Wannan ne ya sa na ƙudura cewa zan shiga darasin ta ƙofar raha.

Na fara ne da tambayar ko akwai wanda ya taɓa marin ƙaninsa har tafin hannunsa ya yi zafi, sai ajin ya kaure da dariya, hannuwa suka tashi. Na ce musu to su sani, a ranar kuncin ƙanin ma ya mari hannun, kuma da ƙarfin da bai ragu ko kaɗan ba. Nan take wani ɗalibi daga baya ya miƙe ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ashe dai Newton ramuwar gayya yake nufi." Aka sake yin dariya, amma maganarsa ta nuna mini ainihin inda kuskuren yake, domin Bahaushe ya ce ramuwar gayya ta fi gayya zafi, alhali dokar ta ce babu wanda ya fi wani. Ƙari a kan haka, ramuwa tana zuwa ne bayan an yi laifi, su kuwa waɗannan ƙarfafa biyu tare suke tashi, tare suke gushewa, babu na farko balle na biyu. A ganina kalmar martani da muke amfani da ita wajen koyar da dokar ce ke jawo wannan ruɗani, shi ya sa tun daga ranar nake kiransu tagwaye.

Washegari na kawo sikeli biyu masu ƙugiya, irin waɗanda ake rataya buhu a jikinsu a kasuwar Sabon Gari. Na sarƙa ƙugiyoyin, na ba mafi girman jiki a ajin ɗaya, na ba mafi ƙanƙanta ɗayan, na ce babban ya ja, ƙaramin ya riƙe kawai. Suka duba, allurar sikelin biyu tana kan lamba guda. Suka yi musaya har sau uku suna zargin cewa sikelin ne ya lalace, lambar kuwa ba ta taɓa bambanta ba.

Inda na fi daɗewa shi ne labarin bijimin amalanke, wanda na shirya musu kamar tatsuniya. Wani manomi a bakin kogin Galma ya ɗora rake a amalanke, ya ce wa bijiminsa su tafi, sai bijimin ya ce ya ji labarin dokar Newton, kuma tunda duk ƙarfin da ya ja amalanke da shi ita ma da shi za ta ja shi baya, jan ba shi da amfani, gara ya kwanta ya yi tuƙa. Na ce wa ajin duk wanda ya iya kayar da bijimin a muhawara ya ci darasin. Kusan rabin sa'a suna kai-kawo, wasu na cewa a ɗauko bulala, wasu na cewa ai bijimi ya fi amalanke ƙarfi, wanda kuma ya saɓa wa abin da suka gani a sikeli. Daga ƙarshe wata ɗaliba ta ce, "Malam, ai ba abu ɗaya ake ja ba, shi amalanke yake ja, ita kuma shi take ja." Wannan ita ce amsar. Tagwayen ƙarfin ba sa taɓa sauka a kan jiki ɗaya, don haka ba za su kashe juna ba. Abin da ke ciyar da bijimin gaba shi ne yana tura ƙasa baya da kofatonsa, ƙasa kuma tana tura shi gaba, kuma idan wannan turin ya rinjayi jan da amalanke ke yi masa, sai tafiya ta kankama. Duk wanda ya ga amalanke ta maƙale a taɓon damina ya ga abin da ke faruwa idan kofato ya rasa inda zai kama.

Sauran misalan ba su ɗauki lokaci ba. Ƙwaron da ya yi karo da gilashin tirela a hanyar Kaduna ya daki motar da ƙarfin da ta dake shi, amma da yake nauyinsu ba ɗaya ba ne, shi ya tarwatse, ita ko gezau. 'Yan bindigar da ke harbi a ƙofar fada ranar hawan salla suna dafe bindiga da kyau saboda tana komowa baya a daidai lokacin da albarushi ya fita gaba. Mangwaro mai giram 100 da ya tsinko daga reshe, duniya na jansa da ƙarfin da ya kai kusan newton 1 (newton shi ne ma'aunin ƙarfi), shi ma yana jan duniya sama da newton 1 ɗin, sai dai nauyin duniya a kilo lamba 6 ce da sifili 24 a bayanta, don haka babu mai ganin motsinta. Da na saki balan-balan da na hura ta yi ta zagaye ajin, na bayyana musu cewa haka rokar da ta kai mutane duniyar wata a 1969 ta yi tafiya, tana tura hayaƙi baya, hayaƙin yana tura ta gaba, ba tare da buƙatar iskar da za ta dogara da ita ba.

Na lura cewa barkwancin marin ya fi ba da dariya, amma ya bar wasu da tunanin ramuwa, labarin bijimin kuwa ya tilasta musu neman jikin da kowane ƙarfi ya sauka a kai. Saboda haka yanzu da bijimin nake buɗe darasin, marin kuma sai bayan an ɗauko sikeli. A jarrabawar ƙarshen zango na tambaye su dalilin da ya sa kwale-kwale ke ja da baya idan mutum ya yi tsalle daga cikinsa zuwa gaɓa, kuma mafi yawansu sun zana kibiyoyi biyu masu tsawo ɗaya, ɗaya a ƙafar mutumin, ɗaya a jikin kwale-kwalen.